Fure Mai Ganye Shida

Sana'ata kwanciya ce a ƙarƙashin kujeru. Haka matata Solange take faɗa in an tambaye ta aikin mijinta, kuma har yau ban sami abin da zan ƙaryata ta da shi ba. Shekara ashirin da biyar, duk dillalin da ya samo kujera a Paris yana so a ce daga fadar sarakunanmu na da ta fito, ni yake kira, ni Anselme Brochard. Sai in zo da 'yar tocila da tabarau, in shimfiɗa bayana a ƙasa, in leƙa inda sarki bai taɓa leƙawa ba. In na tashi na kakkaɓe riga na sa hannu, kujera ta zama ta sarki. In na ƙi, ta koma abin zama. Ba ni da shago, ba ni da gado, sunan nan kaɗai nake ci da shi.

Wata Talata Madam Odile Carrère, mai babban shagon kayan da a bakin kogi, ta buga mini waya ta ce in zo mu ci abincin rana. Tun daga nan na fara zargi. Shekara goma sha biyar muna hulɗa, ban taɓa shan abin da ya wuce kofi a wurinta ba, shi ma rabi take zubawa.

Ta sa aka kawo kifi gasasshe da cuku iri uku, da kwalbar ruwan inabi wadda ta girmi motata.

Na ce, "Madam, wa ya mutu?"

Ta ce, "Ci abincinka, gwanina. Kai in an yi maka alheri sai ka juya shi ka duba ƙasansa."

"Shi ke ciyar da ni."

"To yau ni ke ciyar da kai. Ƙara cuku."

Sai da na share faranti ta ja ni ɗakin baya, ta yaye wani farin ƙyalle. Sai ga kujera a gabana.

Duk wanda ke harkarmu ya san labarin kujeru shida da aka yi wa wata gwaggon sarki don falon hutunta, 'yan shekaru kafin juyin juya hali. Da aka yi gwanjon kayan fada suka watse. An san inda biyar suke: huɗu a gidajen attajirai na ƙetare, ɗaya a wani gidan tarihi da ba zan kama sunansa ba. Ta shida ta ɓace. Ni na rubuta littafi a kansu, shafi ɗari uku, kuma littafin nan shi ya ɗaga ni daga mai leƙen kujera zuwa wanda ake ce wa gwani.

Odile ta ce, "Ga ta shida."

Na ce, "Daga ina?"

"Wata tsohuwa ce a ƙauye, can kudu. A ɗakin tarkacenta aka same ta."

"Zan so in gaishe ta."

"Ta rasu bara."

"Allah sarki. 'Ya'yanta fa?"

"Ba ta haihu ba."

Duk kujerun Odile daga ɗakin tarkacen tsofaffi suke fitowa, kuma ban taɓa jin wadda mai ita ke da rai ba. Wani lokaci nakan ji tsoron tsufa a ƙauye saboda ita.

Na cire kwat na kwanta. Ga tambarin kafinta an buga shi da ƙarfe a inda ya kamata, harafi ɗaya ya ɗan shafe kamar yadda yake a sauran biyar ɗin. Ga tambarin wuta na ma'ajin fada. Ga lamba da tawada, ta koɗe ta zama ruwan ƙasa. Na zaro siririyar wayata na cusa a ramin tsutsar katako. Ramin da mutum ya huda miƙewa yake yi, na tsutsa kuwa kwana yake yi, don ita ba sauri take ba. Wayar ta lanƙwasa. Na gwada goma, duk suka lanƙwasa. Na duba ramukan ƙusa, don kujerar da ta kai shekara ɗari biyu da arba'in an sake mata yadi sau biyar ko shida, kowane mai ɗinki ya bar nasa ramukan. Suna nan, tsoho a kan tsoho. Sawun zarto a ciki ba a jere yake ba, na hannu ne. Na shinshina. Ƙura ce ta gaske.

Abin da ya dame ni ke nan. Tsohuwar kujera kamar tsohuwar mace ce, dole ta manta wani abu: takarda ta ɓare, ƙafa ɗaya an sake ta, lamba ta ɓace rabi. Wannan ba ta manta komai ba. Duk tambayar da na yi mata tana da amsa a baki, kamar mai shaidar da aka kwana ana koya wa.

Daga sama na ji muryar Odile. "Ka yi barci ne a ƙasan?"

"Ina gaisawa da tsutsotsi."

"Taso ka ga abin da ya fi su. Duba saman majingina."

Na tashi ina riƙe da ƙugu. A saman majinginar akwai jerin furannin wardi da aka sassaƙa aka shafe da ruwan zinariya. Kowanne ganye biyar. Na uku daga hagu kuwa, shida.

Ta ce, "Shafi na ɗari da sha huɗu na littafinka. Na haddace shi. Babu wanda zai iya musa wannan furen, balle kai."

Ta ce gidan tarihin nan da ke da 'yar'uwarta yana so ya saya, kwamitinsu zai zauna ranar Juma'a ta sama, sa hannuna kawai ake jira. Na ce zan yi tunani. Ta yi murmushi ta miƙo mini kwat ɗina.

Yanzu sai in faɗi abin da ban faɗa wa Odile ba.

Kafin in zama mai kwanciya a ƙarƙashin kujeru na so in zama mai yin su. Ina da shekara ashirin da biyu na shiga shagon Baba Fulbert Maréchal a unguwar kafintoci, masassaƙin da ba a yi kamarsa ba a zamaninmu. Shekara uku na yi a wurinsa, kuma sunan da ya raɗa mini tun makon farko shi ne Hannun-Hagu, ko da yake da dama nake aiki. Ya ce hagu biyu Allah ya ba ni. A shekarata ta biyu gidan tarihin ya kawo masa tasu kujerar don a gyara mata ƙafa. Ya fita cin abinci, na ce bari in matsar da ita daga hanya. Na matsar da ita har jikin ƙarfen teburin aiki. Fure na uku daga hagu ya fashe, ya zama gari.

Ban jira shi ba. Na ɗauki guntun katako mai laushi, irin wanda ake ba 'yan koyo, na sassaƙa wani furen cikin gaggawa, na manna da gam ɗin kanti. Da Baba ya dawo ya tsaya ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ƙirga."

Na ƙirga. Shida.

Ya ce, "Ko ƙirge ba ka iya ba."

Washegari za a zo ɗaukar kujerar, in an ɓamɓare furen sai an ɓata na kusa da shi. Baba ya yi tsaki, ya shafe shi da farar ƙasa, ya ɗora zinariya, ya dusashe ta har ta yi daidai da sauran. Ba wanda ya lura. Bai sake tayar da maganar ba.

Bayan shekara goma sha biyu, ina rubuta littafina, sai wani ɗalibi mai ido ya tambaye ni a bainar jama'a me ya sa fure ɗaya a kujerar gidan tarihi yake da ganye shida. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Bakina ya buɗe da kansa, na ce wannan alamar babban masassaƙin fada ce, wasa ne na gwani da ya gaji da bin ƙa'ida, ya ɓoye sa hannunsa a inda sai mai ido zai gani. Aka tafa. Da na ga an tafa, sai na sa a littafi. Shafi guda cur na ɓata ina yabon furen, har na ce a cikinsa ake ganin 'yancin hannun da ba a ƙara yin irinsa ba. Wannan kam gaskiya na faɗa.

To ga shi yau furena ya haihu. Masassaƙin fada bai taɓa yin fure mai ganye shida ba, saboda haka duk kujerar da ke ɗauke da shi an yi ta ne bayan na yi nawa. Jabu ce, ba ko shakka. Ni kaɗai a cikin gwanayen duniya na san haka, kuma ba ni da hanyar faɗa sai na tona kaina.

Da safe na tafi unguwar kafintoci. Shekara ashirin rabona da shagon. Yana nan a ƙarshen lungu, ƙamshin gam ɗin fata da ake dafawa yana tarbar mutum tun daga ƙofa. A bango an rataye ɗaruruwan zubi na farar ƙasa, don al'adar Baba ce duk sassaƙar da ta shigo shagonsa sai ya ɗauki zubinta kafin ta fita. Ban sha wahalar nema ba. An sauko da na majinginar gwaggon sarki, an goge masa ƙura.

Baba ya haura tamanin, ya rankwafa, amma wuƙar sassaƙa a hannunsa ba ta rawa. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Hannun-Hagu. Ka yi tumbi."

"Ina kwana, Baba."

"Ka ga kwana. Matsa daga hasken, kuma kada ka taɓa komai. Kada ka matsar mini da komai daga hanya."

Na tsaya inda aka ce. Mutum mai shekara hamsin da huɗu, wanda ake gayyata ƙasashen waje ya yi lacca, na harɗe hannu a baya.

Na ce, "Baba, ka yi kujera kwanan nan?"

"Ni kullum kujera nake yi. Kai ne mai yin sarakuna."

"Ta gwaggon sarki nake nufi."

Ya hure ƙurar katako. "Wani mutum ya zo shekaran bara, ya ce yana son irinta don falonsa. Na yi masa. Laifi ne?"

"Wane mutum?"

"Mai hula."

"Sunansa?"

"Ban tambaya ba. Ni ba ɗan sanda ba ne."

"Tambarin kafinta fa? Da na wuta, da lambar tawada?"

"Ba a shagona ba. Kujera tsirara ta fita daga nan. In wani ya ɗinka mata riga a hanya, je ka tambaye shi."

"Ramukan tsutsa?"

"Tsohon gado ne na farfasa, da ƙasan wata kujerar da ta mutu. Tsutsa ba ma'aikaciyata ba ce, ban biya ta ba."

Na kalle shi, ya kalle ni. Mutumin da ke son kujera don falonsa ba ya neman a yi masa ita da katakon da ya shekara ɗari biyu, Baba kuma ya san na sani.

Na ce, "Furen fa?"

Nan ya ajiye wuƙar. Fuskarsa ta saki kamar an kawo masa tuwon da yake jira.

"Wannan ya ba ni wuya. Duk kujerar wata biyar ta ɗauke ni, amma furenka kaɗai kwana uku na yi a kansa. Shekara sittin ina koya wa hannuna daidai, sai ga shi an ce in koya masa naka. Na yi guda huɗu na zubar, duk sun yi kyau da yawa."

"Ka san ba na asali ba ne. Don me ka sa shi?"

"Mai hular da littafinka ya zo a hammata. Ya buɗe mini shafin, ya ce gwani ya ce haka ake yi. Ni wa zan musa wa gwani? Makarantata ba ta yi nisa ba."

"Baba."

"Na karanta shi, ka sani, littafin naka. Shafi ɗari uku. Ka gode wa matarka, ka gode wa mai ɗaukar hoto, ka gode wa wata mata mai buga tafireta. Na duba har bayan bango ko zan ga sunana a cikin masu share shago."

Ban sa sunansa ba don kada wani ya zo shagon ya yi tambaya, shi ma ya san haka.

Na ce, "Ka faɗa wa mai hular wanda ya yi furen farko?"

Ya ɗauki wuƙarsa. "Na tsufa, yaro. Ba na tuna abin da na faɗa da abin da ban faɗa ba. In za ka fita ja mini ƙofar a hankali."

Na fito da zargin da ya fi wanda na shiga da shi. Ko Baba ya sa furen ne don ya yi mini ishara in gane jabu ce? Ko don ya ɗaure ni? Ko dai kawai don ya ga yadda fuskata za ta yi? Odile kuma, da ta ce "balle kai", yabo take yi ko nuna mini igiya take yi? Na yi ta juya kalmomin nan biyu a cikin jirgin ƙasa har na wuce tashata. Na tuna kifin, na tuna cuku iri uku. Ba a yi wa akuya irin wannan kiwo sai ana gobe salla.

Hanyoyi uku ne a gabana. In sa hannu, jabu ta shiga gidan tarihi ta zauna kusa da ta gaske, furanni biyu suna kallon juna. In ƙi ban faɗi dalili ba, Odile ta tsallaka titi wurin wani gwanin, ya sa hannu yana kafa hujja da shafina, a ce hassada ce ta hana ni. Ko in faɗi gaskiya, littafin ya mutu, ni ma in bi shi.

Ranar Lahadi muna karin kumallo na ce wa Solange akwai wani sirri da na ɓoye mata shekara talatin. Na kwashe duka na faɗa mata. Ba ta daina shafa man shanu a burodi ba.

Ta ce, "Ai na sani. Ka ba ni labarin tun kafin mu yi aure. Har taƙama kake yi, wai aikinka na gidan tarihi."

"Ni?"

"Sau biyu. Miƙo mini zuma."

"Kuma da littafin ya fito ba ki ce komai ba?"

"Ka ce a gyara maka waƙafi ne, ba hali ba." Ta ciji burodi. "To yanzu me ke nan? In ka sa wa matar nan hannu, kana tsammani wannan ce kujerarta ta ƙarshe? Tsofaffin ƙauye ba su ƙare ba."

Zan so in ce son gaskiya ne ya motsa ni. Ba shi ba ne, ko kuma ba shi kaɗai ba. Maganar Solange ce ta zauna mini a ciki. In Odile ta sani, daga ranar da na sa hannun nan na zama nata, za ta riƙa kirana cin kifi duk bayan wata shida har in mutu. In kuma ba ta sani ba, zan ƙare rayuwata ina kallon bakinta ina tambayar kaina ko ta sani. Ni mutum ne mai zargi, na san irin azabar da zan ba kaina. Na ga gara in faɗi da ƙafata.

Ranar Litinin na rubuta wa shugabar sashen kayan ɗaki ta gidan tarihin wasiƙa shafi biyu. Ban ambaci wanda ya yi sabuwar kujerar ba, don ba a tambaye ni ba, kuma mai hula ba suna ba ne. Na ce kawai su duba ƙarƙashin zinariyar fure na uku daga hagu a tasu kujerar, za su ga katako mai laushi da gam ɗin kanti, kuma ni na sa su.

Da farko ba su yarda ba. Wani a kwamitin ya miƙe ya karanta musu shafi na ɗari da sha huɗu da babbar murya don ya ƙaryata ni, an ce har ya yi kyau a bakinsa. Sai da suka sa furen a na'ura suka ga abin da na ce.

Odile ta bugo waya ranar Alhamis ta makon da ya biyo baya. Muryarta lafiya lau.

Ta ce, "Ka ba ni mamaki, gwanina."

Na ce, "Wanne ne mamakin, Madam? Furen, ko wasiƙar?"

Ta yi 'yar dariya. "Kai dai ba ka canzawa. Gaishe da Solange."

Har yau ban san amsar ba. Kujerar an ce an janye ta don ƙarin bincike, wanda a harkarmu ma'anarsa ta hau jirgin ruwa. Wataƙila yanzu haka wani attajiri a wata ƙasa mai nisa yana hana jikokinsa zama a kanta.

Wayata ta yi shiru. Masu buga littafin sun ce ba za su sake bugawa ba. Dillalan bakin kogi in sun hango ni sai su shiga duba agogo. Yanzu gidajen gwanjo na ƙananan garuruwa nake bi, ina kwanciya a ƙarƙashin kujerun limaman coci da na tsofaffin likitoci, inda ba wanda ya damu da sarki. Ƙasansu ya fi sanyi, amma ba sa ba ni cuku.

Baba Fulbert ya aiko mini da ƙaramin kwali ta gidan waya, ba wasiƙa. Furanni huɗu ne a ciki, waɗanda ya ce sun yi kyau da yawa. Na juya su na duba ƙasansu, ban ga komai ba. Suna kan teburina.

Gidan tarihin bai cire furena ba, sun ce shi ma ya shiga tarihin kujerar. Katin da ke gabanta kawai suka sake. A ƙasa an ƙara layi ɗaya da ƙananan haruffa: fure na uku daga hagu gyara ne na ƙarni na ashirin, aikin hannun da bai ƙware ba. Nakan je wasu Lahadin in tsaya a bayan igiya. Ran nan wata mata ta karanta katin, ta sunkuya ta ƙirga da yatsa daga nesa, ta ce wa mijinta ita dai wannan mai shidan ya fi yi mata kyau. Na bi su a baya har ɗaki uku, ina so in gane wa ya turo ta.